Bashin 'Ya'yan Gari: Yadda Karo-karo Ya Haifi Fim ɗin McDowell

Akwai wani hoto a ma'ajiyar tarihi ta gwamnatin Amurka wanda duk mai bincike kan garuruwan haƙar kwal sai ya ci karo da shi. Russell Lee ne ya ɗauke shi a watan Agusta na 1946, da yammacin wata Asabar, a babban titin garin Welch da ke gundumar McDowell, can kudancin jihar West Virginia. Titin siriri ne, benaye sun matse shi dama da hagu, motoci sun cushe shi iya ganinka, a gefe kuma mutane ne kafaɗa da kafaɗa, ba masaka tsinke. A wancan zamanin mutanen wurin kan kira garin nasu ƙaramar New York, kuma wanda ya ga hoton ba zai ce cika baki suke yi ba.

Ƙidayar 1950 ta sami mutum 98,887 a gundumar. Ta 2010 ta sami 22,113. Aiki ne ya ƙare, mutane suka ɗaure kayansu a kan mota suka nufi masana'antun Ohio da Detroit da Chicago, na baya-baya kuma suka gangara Carolina ta Arewa. Giɓin sama da mutum 76,000 ke nan, kuma waɗanda suka tafin, da 'ya'yansu da jikokinsu, suna nan a warwatse a manyan birane, suna karɓar albashi, suna da katin banki. Da yawansu har gobe in aka tambaye su daga ina suke, wani ƙauye za su ambata a tsakanin duwatsun McDowell. Duk wanda zai roƙi jama'a kuɗi don ya yi fim a kan tarihin ƙaramin gari, waɗannan mutanen ne jarinsa, kuma su ne za su zame masa masu bin bashi.

A 2012 wata matashiya mai suna Elaine McMillion, wadda daga baya aka fi sani da Elaine McMillion Sheldon, ta gwada wannan hanya. Fim ɗin gaskiya da ta yi, Hollow, ya fito bayan shekara guda, ya kuma ci kyautar Peabody, ɗaya daga manyan kyaututtukan aikin watsa labarai a Amurka.

Garin da kwal ya gina

An yanke McDowell daga gundumar Tazewell a 1858, tun kafin West Virginia ta ɓalle daga Virginia a 1863. Ƙasa ce ta tsaunuka da matsattsun kwaruruka, inda hanya da rafi da layin dogo ke rabon ɗan filin da ke tsakanin dutse da dutse. Mutanenta ba su taka kara sun karya ba sai da jirgin ƙasan Norfolk and Western ya ratso ta a ƙarshen ƙarni na 19 domin kwasar kwal ɗin Pocahontas, mai ƙarancin hayaƙi, wanda masana'antun ƙarfe da jiragen ruwan yaƙi ke rububinsa. Kamfanoni suka kafa garuruwa daga tushe. Gidan da lebura ke kwana na kamfani ne, likita na kamfani ne, kanti na kamfani ne, har da wasu kwabban ƙarfe da ake biyan ma'aikaci da su waɗanda ba sa sayen komai sai a wannan kantin. Garin Gary ma sunan shugaban kamfanin US Steel, Elbert Gary, aka laƙaba masa. An ɗebo ma'aikata daga Italiya da Hungary da Poland, an ɗebo baƙaƙen fata daga jihohin kudu, kuma yawan baƙaƙen ya ba su ƙarfin ƙuri'a da ba kasafai suke samu ba a wancan lokacin. Daga garin Keystone ne Minnie Buckingham Harper ta shiga majalisar dokokin jiha a 1928, baƙar fata mace ta farko da ta zauna a majalisar dokokin wata jiha a Amurka. A shekarar ce kuma aka buɗe ginin tunawa da baƙaƙen sojojin Yaƙin Duniya na Farko a garin Kimball.

An zubar da jini ma. Ranar 1 ga Agusta, 1921, 'yan bindigar kamfanin tsaro na Baldwin-Felts suka harbe Sid Hatfield, tsohon shugaban 'yan sandan Matewan da ya goyi bayan ƙungiyar mahaƙa, tare da abokinsa Ed Chambers, a kan matakalar kotun Welch, a gaban matansu. Kafin watan ya ƙare mahaƙa wajen 10,000 sun ɗauki makamai, aka gwabza a tsaunin Blair.

Faɗuwar ta fara ne daga injina. Na'urar da ke yankar kwal ba tsayawa ta shigo rami a shekarun 1950, aikin mutum goma ya koma na biyu ko uku. Lokacin da John F. Kennedy ya zo yawon neman ƙuri'a a 1960, yunwar da ya gani ta girgiza shi, kuma da ya hau mulki, iyalin farko da suka karɓi takardun sayen abinci na gwamnati a sabon shirinsa 'yan McDowell ne: Alderson da Chloe Muncy na Paynesville, masu 'ya'ya 13 a gida, aka ba su na dala 95 a watan Mayun 1961. US Steel ya rufe ayyukansa a Gary a 1986, sama da mutum dubu suka rasa aiki. Ambaliya ta zo a 2001, ta sake dawowa a 2002 kafin a gama kwashe taɓon ta farko.

Labari dai ga shi nan birjik. Abin da babu shi ne wanda zai biya kuɗin ba da shi. Gidan talabijin na kasuwa yana lissafin masu kallo ne, kuma gundumar da ba ta kai mutum 25,000 ba ba ta cikin lissafinsa, sai fa in ya zo ɗaukar rusassun gidaje na minti uku ya koma.

Ko duka, ko babu

McMillion 'yar mai haƙar kwal ce, ta tashi a gundumar Logan, inda tsaunin Blair yake. Ta karanta aikin jarida a Jami'ar West Virginia, ta wuce Boston karatun digiri na biyu a kwalejin Emerson. Wato ita ma tana cikin waɗanda suka tafi. Wani littafi na 2009, Hollowing Out the Middle, na Patrick Carr da Maria Kefalas, wanda ya yi bayanin yadda ƙananan garuruwan Amurka ke rainon yaransu masu ƙwazo su miƙa wa birane, shi ya ƙara tunzura ta. Ta nemi dala 25,000 a shafin Kickstarter, ɗaruruwan mutane suka amsa, aka tashi da sama da dala 28,000.

Kickstarter ya fara aiki ne a watan Afrilun 2009, kuma ƙa'idarsa guda ce mai tsauri. Mai aiki zai yanka adadin da yake nema, ya sa wa'adi wanda bai wuce kwana 60 ba. Mai ba da gudummawa zai shigar da katin bankinsa, amma ba a cire masa ko sisi sai ranar da wa'adin ya cika, kuma sai idan an cim ma adadin. In dala ɗaya ta rage, kowa ya riƙe kuɗinsa, mai fim ya tashi a tutar babu. Mu da muka saba da taron gidauniya, inda babban baƙo zai karɓi lasifika ya yi alƙawarin miliyoyi, a tafa masa, sannan kwamiti ya shekara yana sintiri a ƙofar gidansa, za mu ga bambancin nan take: a nan alƙawari a ɗaure yake da kati, ba a bin kowa gida. Indiegogo, wanda ya girmi Kickstarter da shekara guda, a da yakan bar mutum ya kwashi abin da ya samu ko bai kai adadin ba. Da ji kamar wannan ya fi sauƙi, amma a ganina tarko ne ga mai fim. Wanda ya ce yana buƙatar dala 40,000 ya karɓi 9,000 ya ɗauki alƙawarin fim cikakke da kuɗin da ba za su kai shi ko rabin hanya ba, kuma waɗanda suka ba da 9,000 ɗin ba za su rage abin da suke jira ba.

Ayyukan da ke cim ma burinsu a Kickstarter ba su kai rabi ba. Masu yin abin sun san yadda wata gudan ke tafiya. Kwana biyu-uku na farko kuɗi na shigowa, domin dangi ne da abokai da tsofaffin 'yan aji. Daga nan sai komai ya tsaya cik na mako biyu, mai fim yana duba waya kowane minti goma, lambar ba ta motsi. A wannan tsakanin ne ake sanin wanda ya yi shiri: wanda tun watanni kafin ya buɗe neman ya tara adireshin mutane, ya shiga zaurukan Facebook na tsofaffin ɗaliban makarantar garin, ya yi magana da ƙaramar jaridar yankin da limaman coci, ya ajiye wani tsohon hoto ko guntun bidiyo da zai saki kowace rana. Sai kwanakin ƙarshe, da tsoron kada komai ya rushe ya sa masu jinkiri su zabura. Idan an yi nasara, shafin zai zare kashi 5 cikin 100, masu sarrafa katin su zare wani kashi 3 zuwa 5, hukumar haraji kuma na iya ɗaukar abin da ya rage a matsayin kuɗin shiga. Daga dala 28,000, sama da 2,000 sun tafi tun ba a sayi batir ba. (Mai karatu a Kano ko Damagaram da wannan ya ba shi sha'awa ya sani cewa Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da Kickstarter ke barin a buɗe neman kuɗi daga cikinsu, ko da yake ana iya ba da gudummawa daga ko'ina.)

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kuɗin karo-karo ba su ne suka gama Hollow ba. Sun kai tawagar McDowell, sun ciyar da ita. Sauran sun fito daga asusun sababbin kafofi na cibiyar finafinai ta Tribeca da majalisar raya al'adu ta jihar West Virginia. Sai dai ɗaruruwan sunayen nan sun yi wani aiki da ya fi adadin kuɗin. Hukumar da ke raba tallafi tana karɓar takardu jibgi daga mutanen da kowannensu ke cewa jama'a na jiran fim ɗinsa. Wanda ya zo da jerin mutanen da suka riga suka zaro kuɗi daga aljihu ya zo da shaida.

McMillion ta tare a gundumar tsawon watannin zafi na 2012. Ta yi hira da mutane, ta kuma yi abin da 'yan jarida masu wucewa ba sa yi: ta shirya bita, ta raba kyamarori, ta ce wa mazauna su ɗauki abin da su suke ganin ya kamata a gani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ya fito a ƙarshe gajerun labarai ne na mutum 30, a wani shafin intanet da mai kallo ke ja ƙasa da yatsa, hotuna na zamewa a kan juna, sauti na sauyawa, shekaru na wucewa, lambar yawan jama'a na hawa tana kusantar dubu ɗari sannan ta fara zubewa a gaban idonka. Jeff Soyk ne ya jagoranci tsara fasalin shafin. An buɗe shi ranar 20 ga Yuni, 2013, ranar da jihar ta cika shekara 150.

Inda finafinai ke mutuwa

Ɗauka ita ce ɓangaren da kowa ke so. Kyamara ta yi arha, mutum biyu da mota ɗaya sun isa. Ramin yana gaba, bayan an dawo gida da ɗaruruwan sa'o'i na hoto a faifan ajiya. Shi ya sa da yawa daga finafinan ƙananan garuruwa da suka yi suna a waɗannan shekarun kuɗin kammalawa suka roƙa. Andrew Cohn da Davy Rothbart sun bi ƙungiyar ƙwallon kwando ta sakandaren Medora, wani gari mai mutum wajen 700 a Indiana, ƙungiyar da ta saba da shan kashi, sannan suka je Kickstarter, fim ɗin ya fito a 2013. Tracy Droz Tragos da ɗan uwanta Andrew Droz Palermo sun yi haka da Rich Hill, tsohon garin kwal a Missouri mai mutum 1,396, garin kakanninta, inda ta riƙa zuwa hutu bayan mahaifinta ya mutu a yaƙin Biyetnam. Fim ɗin ya ci babbar kyautar finafinan gaskiya na Amurka a bikin Sundance na 2014. Michael Beach Nichols da Christopher Walker sun tara sama da dala 60,000 don kammala Welcome to Leith, labarin wani ƙauye mai mutum ashirin da 'yan kai a Dakota ta Arewa wanda wani mai aƙidar fifikon farar fata, Craig Cobb, ya riƙa sayen filayensa da niyyar ƙwace ragamarsa. Dukkansu sun zo wa jama'a da abin nunawa a hannu, kuma mutum ya fi sakin kuɗi idan ya ga rabin gini a tsaye.

Ina kuɗin ke tafiya? Mai tace hoto shi ne babban kaso, domin watanni zai yi a zaune, kuma a fim ɗin gaskiya a kan teburinsa ake gano labarin, tunda ba rubutaccen labari aka bi ba. Bayansa akwai mai daidaita kala, da mai haɗa sauti wanda zai cire ƙarar firiji daga hirar da aka yi da tsohuwa a kicin, da mai kiɗa, da rubutun ƙasan allo domin kurame, da kwafi na musamman da injinan gidan silima ke karantawa, da kuɗin shiga kowane bikin finafinai, wanda ba a mayarwa ko an ƙi ka.

Fim ɗin tarihi kuwa yana da nasa ƙarin nauyin. A ce jikar wani mahaƙi ta sauko da kwali daga saman rufi. A ciki akwai ƙananan faifan fim na milimita 8 a gwangwanayensu, wasu da rubutun biro a jiki, sunan biki da shekara, wasu babu komai. Ana buɗe murfin wani sai warin tsami kamar na binega ya bugi hanci, alamar fim ɗin ya fara ruɓewa ke nan, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, in aka zura shi a tsohon majigi zai tsinke. Dole a kai shi wurin masu na'urar da ke ɗaukar hotonsa gida-gida, kuma da tsawon ƙafa suke caji. A ƙasan kwalin ga kaset ɗin bidiyo na bikin yaye ɗalibai, ga hotunan da suka manne da juna tun ambaliya. Kowane ɗaya sai an san mai shi, sai ya sa hannu a takardar izini. Jikar ta yarda, amma kawunta da ke Ohio ya ce ai mahaifinsa ne ya ɗauka, ba a tambaye shi ba. Haka ake bi, gida-gida.

Wannan ma mai sauƙi ne. Hoton Russell Lee kyauta ne ga kowa, saboda aikin gwamnatin tarayya ya yi, kuma a Amurka abin da ma'aikacin tarayya ya samar a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka. Amma rahoton da wani gidan talabijin ya ɗauka ranar da aka rufe rami, da daƙiƙa ake sayar da shi, farashin kuma ya danganta da shekara nawa za ka nuna, a wace ƙasa, a kan wace kafa. Waƙa ta fi tsada, don izini biyu ake nema, na wanda ya rubuta da na wanda ya mallaki faifan. Jonathan Caouette ya haɗa Tarnation a kwamfuta a kan dala 218, amma kafin a iya nuna shi a silima kuɗin sun kai wajen dala 400,000, akasari saboda izinin waƙoƙi da guntayen finafinai. Eyes on the Prize, babban shirin Henry Hampton a kan gwagwarmayar baƙaƙen fata, wanda ya fara fita a 1987, ya ɓace daga talabijin shekara da shekaru saboda wa'adin izinin hotunansa ya ƙare, sai da Gidauniyar Ford da wasu suka zuba kuɗi ya dawo a 2006. Wata mai shirya fim, Jennifer Nelson, da aka caje ta dala 1,500 don ta yi amfani da waƙar Happy Birthday, kotu ta garzaya, kuma a 2015 alƙali ya yanke cewa kamfanin Warner/Chappell ba shi da hujjar mallakar baitocin. Tun 2005 masu finafinan gaskiya a Amurka suka fitar da wata takardar ƙa'idoji da ke fayyace inda doka ta yarda a ɗauki guntun aikin wani ba tare da biya ba, domin sharhi ko kafa hujjar tarihi. Ta rage wahala ƙwarai, amma sai lauya ya duba fim ɗin daƙiƙa-daƙiƙa ya rubuta ra'ayinsa kafin kamfanin inshora ya ba da kariya daga ƙara, kuma ba tare da wannan inshorar ba, gidan talabijin irin PBS ba zai taɓa fim ɗin ba. Lauyan ma ba sadaka yake yi ba.

Sai tukuici. Tsarin Kickstarter ya ginu a kan cewa kowane mai bayarwa za a saka masa da wani abu: suna a ƙarshen fim, faifan DVD, riga, fosta mai sa hannu. Lokacin neman kuɗi, alƙawarin riga ba ya da nauyi. Bayan shekara biyu, darakta na zaune a ƙasa a ɗakinsa tsakanin ambulan ɗari huɗu, yana neman wanda ya sauya gida, kuɗin aika saƙo sun tashi, kuma bai sa su a lissafi ba tun farko. Ethan Mollick na makarantar kasuwanci ta Wharton ya duba wannan. A bincikensa na 2014 ya ga sama da kashi 75 cikin 100 na ayyukan fasaha da ƙira da ya bi sun makara wajen cika alƙawari. A wani na 2015 ya ga wajen kashi 9 cikin 100 ne na ayyukan da aka tara wa kuɗi ba su kawo komai ba. Wato cuta kaɗan ce, jinkiri ne ya yi yawa. Kuma mai ba da dala 25 yana iya haƙurin shekara uku in ana gaya masa halin da ake ciki. Shiru ne ba ya yafewa.

Wa ke da labarin?

A tsaunukan Appalachia, inda McDowell take, mutum mai kyamara ba baƙon alheri ba ne kai tsaye. A watan Satumba na 1967, wani mai shirya fim ɗan Kanada, Hugh O'Connor, ya tsaya ɗaukar wani mahaƙi da ke zaune da 'yarsa a barandar gidan haya a gundumar Letcher ta Kentucky. Mai gidajen, Hobart Ison, ya zo ya harbe shi har lahira. An yanke masa shekara goma, ya yi ɗaya aka sake shi, kuma mutanen yankin da yawa ba su ga laifinsa ba, saboda sun gaji da baƙin da ke zuwa ɗaukar talaucinsu su kai wa duniya. Elizabeth Barret, 'yar yankin, ta yi fim a kan lamarin a shekara ta 2000, Stranger with a Camera.

Wannan tsamin bai gushe ba. Wata biyu kafin Hollow ya fito, an nuna Oxyana na Sean Dunne a bikin Tribeca, a kan shaye-shayen ƙwayoyi a garin Oceana da ke gundumar Wyoming, maƙwabciyar McDowell. Dunne ya ci kyauta, mutanen Oceana kuwa suka kira taron gari suna cewa an yi musu fenti da baƙi. To amma ƙwayar gaskiya ce. Eric Eyre na jaridar Charleston Gazette-Mail ya ci kyautar Pulitzer a 2017 da ya bankaɗo cewa a cikin shekara shida kamfanonin rarraba magani sun shigar da ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye miliyan 780 cikin jihar, kuma kantin magani ɗaya a garin Kermit mai mutum 392 ya karɓi kusan miliyan 9 a shekara biyu. McDowell na cikin gundumomin da suka fi binne matasa a kan wannan.

A nan ne kuɗin 'ya'yan gari ke nuna ɗaya fuskarsu. Dattijon da ya bar Welch a 1962 ya aiko da dala ɗari daga birnin Columbus, garin ƙuruciyarsa yake son gani, da fitilun silima da faretin makaranta. Bai biya don a nuna masa jikan maƙwabcinsa yana layi a titi ba. Mai fim ya san sunansa, wataƙila ma ya ci abinci a gidan ƙanwarsa. Babu wanda zai ce masa cire wannan, sa wancan. Kunya ce za ta yi aikin, a ɗakin tacewa, ba tare da kowa ya gani ba. Finafinan tarihin gari da yawa da aka yi da karo-karo a nan suke lalacewa, su koma kundin hotunan biki mai kiɗa a ƙasa, kowa ya ji daɗi a daren nunawa, ba wanda ya ƙara sanin dalilin da ya sa garin ya mutu ko wanda ya kwashe arzikin.

Hollow ya kauce wa wannan gwargwado, kuma ina ganin rabon kyamarorin ne ya cece shi. Da baƙo ne ya ce ƙwaya ta cinye garin, zagi ne. Da mai gida ya faɗa da bakinsa, a barandarsa, ba mai musa masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mazauna sun yi maganar ƙwaya da rashin aiki da makarantun da sai da jiha ta karɓe ragamarsu a 2001, sun kuma nuna abin da suke yi da hannunsu don gyara. Ana iya cewa fim ɗin ya fi karkata ga masu fata nagari, don su ne ke zuwa bita, wanda ya yanke ƙauna ba ya karɓar kyamara. Zargi ne mai tushe. Amma McMillion Sheldon ba ta guje wa ɗaya ɓangaren ba daga baya: Heroin(e), gajeren fim ɗinta na 2017 a kan mata uku da ke yaƙi da annobar ƙwaya a birnin Huntington, ya shiga jerin 'yan takarar Oscar, Recovery Boys ya biyo baya a 2018, King Coal kuma a 2023.

Wani abin takaici shi ne, fim ɗin da aka gina don intanet mai ƙarfi an yi shi ne a kan gundumar da intanet ɗinta ke rarrafe. Ɗan McDowell da ke Boston ya fi na Keystone sauƙin kallon sa. Dole aka haɗa da nunawa a zauruka, a tara mutane a haska musu. Duk mai lissafin kuɗin kammalawa da bai sa kuɗin mai da hayar majigi na komawa garin ba, lissafinsa bai cika ba.

Bayan an tafa

Fim na faifai in an gama shi an gama. Na intanet kuwa kullum cikin cin kuɗi yake, don ma'ajiyar da ke riƙe da shi duk wata sai an biya, kuma yawan masu kallo na ƙara kuɗin ne. Fasahar ma tana tsufa. Welcome to Pine Point, wanda Paul Shoebridge da Michael Simons suka yi a 2011 a kan wani garin haƙar darma a arewacin Kanada da aka rushe bayan rufe ramin a 1988, an gina shi ne da manhajar Flash, kuma kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020. Shi yana da Hukumar Finafinai ta Kanada a bayansa. Ayyukan masu zaman kansu da yawa na wancan zamanin ba su da kowa, shafinsu ya zama fari fat. Hollow ya tsira daga wannan saboda da fasahar HTML5 aka gina shi, ba da Flash ba.

A McDowell abubuwa sun ci gaba da rufewa. Kantin Walmart na kusa da Kimball ya rufe a Janairun 2016. Jaridar Welch News, ta ƙarshe a gundumar, ta daina fita a watan Maris na 2023. Da haka hirarrakin da aka naɗa a 2012, har da sa'o'in da ba su shiga fim ba, suka ƙara daraja, kuma tambayar inda za a ajiye irinsu ta zama babba. Faifan ajiya a aljihun tebur ba ya daɗewa. Ko cibiyar da aka kafa don wannan aikin ba ta tsira ba. Appalshop, wadda tun 1969 take naɗar rayuwar mutanen tsaunuka a garin Whitesburg na Kentucky, kuma a ƙarƙashinta Barret ta yi fim ɗinta, ruwa ya shiga ma'ajiyarta a ambaliyar ƙarshen Yulin 2022. Ma'aikata da 'yan sa kai suka riƙa fito da faifai da kaset daga cikin taɓo, aka zuba su a motocin sanyi don tsayar da ruɓewa, aka tura wa masu gyara a wasu jihohi. Aikin na shekaru ne, kuma wani ɓangare na kuɗinsa shi ma jama'a aka roƙa.